Tsofaffin zane-zanen aduwa da gawo: kayan ƙawar ɗaki da ke riƙe mana sunayen itatuwan daji

A manyan biranen Turai da Amurka akwai shagunan da ke saida tsofaffin zane-zanen tsirrai, waɗanda aka ciro daga littattafan ilimi na shekaru ɗari ko ɗari biyu da suka wuce. Ana sake buga su a takarda mai kauri, a sa su cikin gilashi, mutane su saya su rataya a falo. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa, in ya duba irin waɗannan hotuna, zai yi mamaki. A cikinsu zai tarar da aduwa da gawo da dakwara da tumfafiya, wato itatuwan da matafiyi ke wucewa a hanyar Dakwaro zuwa Sakabal, cibiyar ƙaramar hukumar Rumbu, ba tare da ya ko ɗaga kai ya dube su ba.

Yawancin waɗannan zane-zane a yau kyauta ne ga duk mai so, don masu su sun daɗe da rasuwa, kuma manyan ɗakunan karatu na duniya sun saka su a intanet. Amfaninsu a wurinmu ya zarce na ƙawa. Yaron da aka haifa a Maraɗi ko Yamai yana iya jero maka sunayen ƴan ƙwallon Turai ashirin, amma ka nuna masa ganyen anza da na jiga, sai ya yi shiru. Hoton itace a bangon ɗaki, da sunansa na Hausa a ƙasa, hanya ce mai sauƙi ta hana wannan sani ɓacewa daga gidajenmu na birni.

Rumbu da itatuwanta

Rumbu tana cikin gundumar Dakwaro, a arewacin jahar Maraɗi, kusa da kwarin Tarka, inda ƙasar noma ke haɗuwa da ƙasar kiwo. Tun shekarar 1961 doka ta shata iyakar arewa ta noma a Nijar, kuma wannan yanki yana dab da ita. Hausawa manoma da Fulani da Buzaye makiyaya suna zaune tare, kowa kuma yana da buƙatarsa ga daji. Ruwan sama kaɗan ne, damana gajera ce, don haka itatuwan da ke rayuwa a nan masu jure ƙishi ne: aduwa, kandili, dakwara, bagaruwa, magarya, jiga, anza, sabara, sai hakukuwa irin su ƙarangiya da tsaida.

Kowane ɗayansu yana da aikinsa. Gawo yana zubar da ganye da damana, ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma yi kore da rani lokacin da bisashe ke neman abin ci. Ɗiyan aduwa ana tsotsa, ƙwallon a fasa a fidda mai, furen da ɗanyen ganyen a dafa. Dakwara ce ke ba da ƙaro mai daraja a kasuwar duniya. Majema ba su rabuwa da ɗiyan bagaruwa. Anza kuwa ita ce jama'a suka koma gare ta a farin 1973 da 1974, da na 1984, da kuma ƙarancin cimaka na 2005, wanda ya tsananta a Dakwaro da kewaye. Waɗannan shekarun fari, tare da faɗaɗa gonaki da saran itacen girki, sun rage itatuwa da yawa. In itace ya yi ƙaranci a daji, mutane sukan daina kiran sunansa, daga nan sai a manta yadda ake amfani da shi.

Su wa suka zana su?

Zanen itatuwanmu a littattafai ya faro ne ta hanyar Masar. Wani likita ɗan Italiya, Prospero Alpini, ya zauna a Alƙahira na wasu shekaru, ya koma gida ya buga littafi kan tsirran Masar a birnin Venis a 1592. A ciki ya kwatanta aduwa, ya kuma yi bayanin ɗiyan kuka da ake kawowa kasuwannin Alƙahira daga kudu. Wannan alaƙa da Masar ce ta sa har yau sunan aduwa a ilimance shi ne Balanites aegyptiaca.

A 1749 wani saurayi Bafaranshe mai shekara 22, Michel Adanson, ya sauka a Sanagal. Ya yi fiye da shekara huɗu a can, ya koyi harshen Wolof, ya tara dubban samfurori. Don girmama shi aka raɗa wa kuka suna Adansonia digitata. Sunan sabara na ilimi, Guiera senegalensis, ya samo asali ne daga yadda Wolof ke kiran itacen.

Lokacin da Napoleon ya kai yaƙi Masar a 1798, ya tafi da masana da dama. Cikinsu akwai masanin tsirrai Alire Raffeneau Delile da mai zane Henri-Joseph Redouté. Aikinsu ya fito a 1813, da manyan shafukan zane 62 da aka sassaƙa a kan farantin tagulla. Goriba ce ta buɗe su, kuma akwai aduwa da gawo a ciki. Delile ya sa gawo cikin dangin su bagaruwa, sai a 1934 masani Auguste Chevalier ya ware shi, ya ba shi sunan Faidherbia albida, don tunawa da Louis Faidherbe, gwamnan mulkin mallaka na Sanagal.

Littafin da ya fi kusa da dajin Rumbu shi ne wanda Guillemin da Perrottet da Richard suka wallafa a Paris tsakanin 1830 da 1833, kan tsirran Sanagal da Gambiya, da zane 72. Tun da Sahel ɗamara ɗaya ce daga bakin tekun Atlantika har zuwa Sudan, itatuwan da aka zana a can su ne namu: dakwara, sabara, ɗanya, dashi da marke duk suna ciki. A Ingila, mujallar Curtis, wadda ke fitowa tun 1787, ta buga zanen kuka mai launi a 1828. A Jamus kuma, littafin Köhler na tsirran magani, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1887, yana da hotunan dakwara da tsamiya da zurman masu launi sosai. 

Sunayen Hausa sun shiga littattafai a hankali. Heinrich Barth, wanda ya ratso ta Abzin da Damargu ya iso Tasawa a farkon 1851, ya yi ta kuka da ƙarangiya a rubuce-rubucensa. Likita John McEwen Dalziel, ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Daga baya shi da John Hutchinson suka fidda babban littafin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. A ɓangaren Faransa, André Aubréville, wanda yana cikin ayarin masanan daji da suka bi iyakar Nijar da Nijeriya a 1936 da 1937 don binciken gurgusowar hamada, ya wallafa littafinsa na itatuwan wannan yanki a 1950, cike da zanen ganyaye da ɗiya. Bayan samun ƴancin kai, Peyre de Fabrègues da Lebrun sun fidda kundin tsirran Nijar a 1976, sannan Peyre de Fabrègues ya biyo da ƙamus na sunayensu a harsunan ƙasa.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa yawancin wannan aiki an yi shi ne a zamanin cinikin Turawa da mulkin mallaka, kuma neman amfani ne ya kawo su, musamman ƙaro da mai da magani. Sunayen Turawa suka hau kan itatuwa. Manoma da makiyaya da ungozomomi da wanzamai da suka raka masu binciken daji, suka nuna musu itacen, suka faɗa musu amfaninsa, da wuya ka ga an rubuta sunansu. Rubuta sunan Hausa a ƙarƙashin zanen wata hanya ce ta mayar da kaya ga mai shi.

Yadda ake karanta zanen

Sau da yawa mai zanen bai taɓa ganin itacen a tsaye ba. Mai bincike ne ke yanko reshe mai fure da ɗiya, ya danne shi tsakanin takardu har ya bushe, ya aika da shi Paris ko Landan ta jirgin ruwa. Can mai zane zai jiƙa furen ya buɗe, ya duba shi da gilashin ƙara girma, ya zana. Daga nan wani gwani ya sassaƙa zanen a kan tagulla ko ya kwafe shi a kan lafiyayyen dutse, a buga, wani lokaci a bi kowane shafi da launi da hannu.

Shi ya sa a irin wannan hoto ba ka cika ganin itace sukutum ba. Reshe ɗaya za ka gani a tsakiya, sai ƙananan zane a ƙasa ko a gefe, kowane da lamba: fure an tsaga shi biyu, ɗa an yanka shi don a ga ƙwallo, iri shi kaɗai an ƙara masa girma. Sunan Latin yana ƙasa a tsakiya. A kusurwar hagu akan sa sunan mai zane, a ta dama sunan wanda ya sassaƙa.

A nan zane ya fi hoton salula amfani. Hoto yana ɗaukar duk abin da ke gabansa, har da ƙura da inuwa da ganyen da akuya ta gutsura. Mai zane kuwa yana zaɓar abin da ke bambanta itace da ɗan'uwansa, ya fito da shi fili. Ga misalin magarya da kurna: dukansu suna da jijiya uku da ke tasowa daga gindin ganye, amma bayan ganyen magarya fari-fari ne mai laushin gashi, na kurna kuwa kore ne sumul. Aduwa ganyenta bibbiyu ne a kan tsinke ɗaya, ga doguwar ƙaya miƙaƙƙiya kore. Dakwara ƙayarta uku-uku ce, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyu na gefe sun dubi sama. Tafasa, wadda ake kwaɗo da ita, ganyenta jeri uku ne masu zagayen baki, alhali rai-ɗore, mai kama da ita, ganyensa masu tsini ne. Wanda ya saba ganin waɗannan alamomi a bango kullum, in ya fita daji idonsa zai kama su nan da nan.

Abin da zanen bai faɗa ba

Zane ba ya wari, ba ya ɗaci, bai san damana da rani ba. Launin wasu tsofaffin hotuna ma bai dace da na gaske ba, don daga busasshen reshe aka zana su. Hoton gawo ba zai gaya maka cewa yana yin saɓanin sauran itatuwa wajen fidda ganye ba. Hoton anza ba zai gaya maka cewa ƙwayarta, wadda ake kira dilo, tana da ɗaci da guba, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin a dafa ba. A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods yana sarrafa ta zuwa gari da sauran abinci, kuma tushen aikinsa shi ne wannan dabara da matan karkara suka gada. Hoton tumfafiya yana da kyau ƙwarai, da furenta mai fari da shunayya, amma ba zai gargaɗi yaro cewa farin ruwanta yana cutar da ido ba.

Saboda haka kada kowa ya ɗauki hoton bango a matsayin jagoran haɗa magani. Akwai kuma rikicin suna. Suna ɗaya na Hausa yana iya rufe itace biyu, kamar dakwara, wadda masana suka raba gida biyu a nan Nijar. Itace ɗaya kuma yana iya samun suna daban tsakanin Dakwaro da Katsina ko Tawa. Sunayen Latin su ma suna sauyawa. Bagaruwa da dakwara, da aka daɗe ana kira Acacia, yanzu an raba su, ta farko ta koma Vachellia nilotica, ta biyu Senegalia senegal. Mai neman tsohon zane sai ya gwada tsohon suna da sabo.

Bangon ɗakin Bahaushe

Ƙawata ɗaki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Jeren amarya na kwanoni da tasoshi da faifai, da zanen bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram, da kalandar da ƴan kasuwa ke rabawa a farkon shekara, da hoton Ka'aba da ayoyi cikin gilashi, duk shaida ne. Abin da ya cika shagunan kayan ɗaki a yau shi ne furannin roba da hotunan korama da duwatsun ƙanƙara na ƙasashen da yawancinmu ba mu taɓa zuwa ba.

Zanen tsirrai yana da wata fa'ida a gidan Musulmi. Magidanta da yawa ba su son rataya hoton mutum ko na dabba. Game da itatuwa kuwa, sanannen abu ne a wurin malamai cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Don haka hoton reshen magarya yana iya shiga zaure da falo da ofis da ajin lakwal ba tare da jayayya ba.

Yadda za a samu, a buga, a adana

Wuraren da suka fi yawan irin wannan zane su ne Biodiversity Heritage Library, wadda manyan gidajen tarihi da lambunan bincike na duniya suka haɗu suka kafa, da Gallica ta babban ɗakin karatun ƙasar Faransa, da Wikimedia Commons. Da sunan Latin ake nema: Boscia senegalensis don anza, Maerua crassifolia don jiga, Calotropis procera don tumfafiya, Ziziphus mauritiana don magarya, Hyphaene thebaica don goriba, Piliostigma reticulatum don kalgo, Cenchrus biflorus don ƙarangiya. Littattafan ƙarni na 19 da waɗanda suka gabace su kowa na iya bugawa. Na tsakiyar ƙarni na 20, irin na Aubréville, suna iya kasancewa da haƙƙin mallaka har yanzu, don haka mai niyyar bugawa ya saida sai ya bincika tukuna.

A yi hattara da hotunan bogi. Yanzu kwamfuta na iya ƙirƙiro zane mai kama da tsoho, da jar takarda da rubutun Latin, alhali ganyen da furen ba na wani itace na gaske ba ne. Zane na ƙwarai yana da sunan littafin da ya fito, da lambar shafi, da sunan mai zane. Gwajin da ya fi kowane shi ne a nuna wa tsoho ko makiyayin da ya san daji. In ya duba ya ce ba haka aduwa take ba, a yarda da shi.

Wajen saukewa a zaɓi hoton da ya fi nauyi, don ƙarami yana dushewa in an faɗaɗa shi. In za a tura wa mai shagon buga takardu ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, saboda in an tura shi a matsayin hoto manhajar tana rage masa inganci. Girman A4 ya isa ɗaki, A3 ya fi dacewa da falo ko aji. A nemi takarda mai kauri marar ƙyalli. Kafin a buga, a bar fili a ƙasa don rubuta sunan Hausa da manyan baƙaƙe, da boko ko da ajami, a ƙara na Fulatanci da na Tamashek in an sani, sannan layi ɗaya na amfani ko gargaɗi.

Abokan gaban takarda a ƙasarmu sanannu ne: rana, ƙurar hunturu, laimar damana da gara. Kafinta na iya yin katako da gilashi, a liƙe bayansa da kyau don kada ƙura ta shiga. Wanda bai da halin gilashi sai ya sa a lulluɓe takardar da roba a shagon. Kada a rataya hoto inda rana ke bugunsa kai tsaye, don launi zai koɗe cikin ƴan watanni. A bangon ƙasa a bar ɗan tazara tsakanin katako da bango, a riƙa dubawa lokaci lokaci saboda gara. Hotuna huɗu ko shida masu girma ɗaya, a jere, sun fi guda ɗaya ƙato kyau. Ana iya haɗa su bisa ma'ana: itatuwan gona kamar gawo da kalgo da sabara, ko ganyayen kwaɗo da miya kamar tafasa da yaɗiya da gasaya.

Daga bango zuwa gona

Jahar Maraɗi ta riga ta nuna wa duniya abin da sanin itace ke haifarwa. Sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a gyara shi ya zama itace, ya bunƙasa a nan tun shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya yi aiki da manoman yankin. Masu bincike sun ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 na ƙasar Nijar, kuma a watan Yulin 2020 gwamnati ta fidda dokar da ta tsara aikin. Dabarar gaba ɗaya ta dogara ne ga manomi ya gane toho tun yana ƙarami, ya san wanda zai bari da wanda zai sare. Wanda bai san ganyen gawo ba, zai kai masa hauya.

Ƴan birni su ne ke sayen itacen girki da gawayi da ake kawowa daga karkara, kuma ɗiyansu ne gobe za su zama ma'aikatan gandun daji da magadan gari da masu tsara dokoki. Malaman makaranta, da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, suna iya haɗa kai su fidda jerin hotunan itatuwan Dakwaro da sunayensu daidai, a raba wa makarantu kafin bikin dashen itace na ranar 3 ga Agusta. Matasa masu shagon buga takardu da kafintoci su ma ga wata ƙofar sana'a. Masu iya zane a cikinmu kuma babu abin da zai hana su yanko reshen jiga ɗanye su zana shi da launinsa na gaskiya, abin da yawancin masu zanen Paris ba su samu damar yi ba.

Magidancin da ke son farawa ba ya buƙatar jiran kowa. Ya zaɓi itace ɗaya da ya sani tun yana yaro, ya buga zanensa, sannan in wata tsohuwa ta zo daga ƙauye ya sa yara su tambaye ta sunansa da abin da ake yi da shi, su rubuta a ƙasan hoton da hannunsu.